Kore Bai Ƙare Ba

Na zo Kalfu da akwatin fenti
wanda ƙanwata ta saya mini a Kumasi,
launi goma sha biyu, kowanne da gurbinsa.
Bana shekara biyu ke nan.
Ja ya ƙare tun kafin kaka,
ruwan ƙasa ya bi sawunsa,
rawaya saura abin da farce zai ƙwaƙulo.
Kore kuwa yana nan cike,
kamar baƙon da aka manta a zaure.

Safiya ta asibiti ce:
awon ciki, awon jini,
jariri na lilo a ƙugiyar sikeli.
Mata na sauka daga amalanken Mantau,
suna kira na Bagwanjiya,
suna yi wa Hausata dariya,
wai ina cewa "me" inda ake cewa "mi",
wai goro ne ya lanƙwasa mini harshe.
Nakan bar su.
Ni ma ina dariyar tasu da dare, ni da fitila.

La'asar tawa ce.
In jingina allo a jikin katanga,
in fuskanci rumbunan Adar,
kowanne da cikinsa na wata tara,
ba mai zuwa awo.
Yara su yi mini zobe,
ɗaya riƙe da gwangwanin ruwa,
ɗaya yana korar akuya
da ta taɓa cinye mini masallaci guda.

Ran nan Mantau ya tsaya a kaina.
"Wannan jakina ne?"
Na ce shi ne.
Ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai:
"Nawa kunnen hagu a tsage yake,
kuma bai taɓa tsayuwa da ladabi haka ba."
Na tsaga kunnen,
na karkata ƙafar baya.
Ya ce, "Yauwa. Ɗan banza, ga shi nan."

Da ja ya ƙare na yi zaton na tashi aiki.
Inna Kuluwa maginiya ta ja ni kwazazzabo,
ta kankaro ƙasar da take shafe tuluna,
ta ce in jiƙa da ƙaro, in tace a tsumma.
Baƙi daga gindin tukunya,
fari daga wani rami da ta hana ni faɗa.
Tun ranar, da garin nake zana garin.
In na wanke hannu da magariba
Kalfu ce ke gangarawa cikin kwatami.

Sau ɗaya na buɗe kore don kewa.
Na zana ayaba, na zana gwaza,
da inuwar da ba ta matsawa.
Wata yarinya ta rage murya:
"Aljanna ce?"
Na ce a'a,
bayan gidanmu ne, inda muke zuba shara.
Ba ta yarda ba.
Ni ma, da na sake dubawa, ban yarda ba.

Jiya da sanyin asuba
Mantau ya ƙwanƙwasa kyaure:
"Bagwanjiya, ɗauko korenki."
Muka gangara fadama.
Albasa ta fito, fangali bayan fangali,
siriri, siriri, kamar gashin jinjiri.
Na dangwala, na shafa,
sai na ga ba shi ba ne.
Nawa koren kurmi ne, mai duhu, mai ƙoshi,
wanda bai san guga ba.
Wannan kuwa da igiya aka jawo shi,
gaba goma daga ƙasa.

Na ƙwaƙulo sauran rawayar duka,
na ƙara ɗigon ƙasar Inna Kuluwa,
na dama, na dama.
Mantau ya leƙa ta kafaɗata,
yana tauna asuwaki.
"Da saura," in ji shi.
"Ki komo gobe."